Yadda za ka lallaɓa sauran ciwo bayan tiyatar tsagewar dubura

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga waɗanda aka yi wa tiyatar tsagewar bakin dubura, lalurar da mutanenmu suka saba haɗawa da basir a suna ɗaya, kusan kullum iri ɗaya ce: “An yi mini aiki yau mako uku, amma har yanzu ina jin raɗaɗi idan na zagaya. Ko aikin bai yi ba ne?” Amsar a mafi yawan lokuta ita ce aikin ya yi, jikin ne bai gama nasa ba. A tiyatar da aka fi yi, likita ba ya ɗinke tsagar. Yakan ɗan yanka zoben tsokar da ke tsuke dubura daga ciki domin ta saki, jini ya riƙa isa wurin, tsagar ta haɗe da kanta. Ke nan ka fito daga ɗakin tiyata da miki biyu, tsohuwar tsaga da sabon yanka. Ciwon nan mai kama da yankan reza yakan ragu cikin 'yan kwanaki, amma warkewa gaba ɗaya takan ɗauki mako shida zuwa takwas, ta ma fi haka idan an kankare tsagar ko an cire ɗan tsiron fatar da ke bakinta. Fiye da mutum tara cikin goma suna warkewa da wannan aiki. Ga yadda za ka bi da makonnin da ke tsakani.

Kayan da za ka tanada

Kana bukatar sabon baho na roba mai faɗin da za ka zauna a ciki sosai, wanda ba a wanki ko wanke-wanke da shi, da buta taka kai kaɗai, da filas na ajiye ruwan zafi domin kada ka riƙa hura wuta da tsakar dare. Sai ƙyallen bandeji mai laushi na kyamis, da ƙaramin tawul, da gajerun wanduna na auduga marasa matsi, da matashi mai laushi. Baho da buta da filas sau ɗaya ake sayensu. Kuɗin da zai riƙa maimaituwa shi ne na maganin tausasa bayan gida da na kayan marmari, saboda haka ka yi lissafinsu na wata biyu tun farko. Misali, wanda aka rubuta wa laktulos, ruwan maganin tausasa bayan gida, mililita 15 safe da yamma zai ƙarar da kwalba mai mililita 300 cikin kwana goma. Ka kuma ware kuɗin mota da na ganin likita na komawa asibiti aƙalla sau biyu, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin duk maganin da ka saya.

1. Ka fara da gane irin ciwon da kake ji

Raɗaɗi na minti kaɗan zuwa kamar awa guda bayan bahaya, da ɗan jini a jikin bandeji, da ruwa-ruwa mai launin ɗorawa da ke ɓata wando, da ƙaiƙayi daga mako na biyu zuwa sama, da jin kamar an cusa wani abu a wurin idan ka daɗe a zaune, duk waɗannan abubuwa ne da aka saba gani yayin da mikin ke haɗewa. Abin lura shi ne alƙiblar ciwon. Ka samu ƙaramin littafi, kowane dare ka rubuta lamba daga sifili zuwa goma gwargwadon zafin da ka ji a ranar, da yanayin bayan gidan da ka yi. Kada ka gwama yau da jiya, domin rana guda ta taurin ciki za ta iya mayar da kai baya. Ka gwama wannan mako da wanda ya wuce. Muddin lambobin suna sauka, ko da a hankali ne, kana kan hanya.

Hattara: ciwon da ya fara sauƙi sannan ya dawo yana ƙaruwa kullum, yana zogi kamar bugun zuciya ko da ba ka zagaya ba, ba ya cikin waɗanda ake zama da su a gida. Dubi mataki na bakwai.

2. Ka tausasa bayan gida, ka kuma ci abinci

Wannan shi ne ginshiƙin jinyar, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Wani ɗan'uwana da aka yi wa aikin ya yanke shawarar cewa idan bai ci ba, ba zai zagaya ba. Kwana uku ya yi a kan shayi da ɗan burodi. Rana ta huɗu ya tsaya a ƙofar banɗaki da buta a hannu, gumi na tsatstsafo masa, ya kasa shiga kuma ya kasa komawa ɗaki, abin da ya fito daga baya kuwa busasshe ne kamar tsakuwa, ya sake buɗe wurin da ya fara haɗewa. Hanji ba ya daina aiki don ka daina ci. Abin da yake yi shi ne ya tsotse ruwan ɗan abin da ke ciki har ya ƙame.

Abin da ake nema shi ne bayan gida mai laushi kamar nunanniyar ayaba, wanda zai fita ba tare da nishi ba. Ana samunsa ta hanya uku da ake haɗawa lokaci guda. Ta farko ruwa, lita biyu zuwa biyu da rabi a yini, wato ledar fiya wata huɗu zuwa biyar, a ƙara a kan haka lokacin bazara. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari, idan ya yi duhu ruwan bai isa ba. Ta biyu abinci mai ganye da dusa, abin da likitoci ke kira faiba, wanda babba ke bukatar giram 25 zuwa 30 a rana. A nan Bahaushe ba shi da uzuri, domin miyar kuka da ta kuɓewa da ta alayyafo, kwaɗon zogale da na rama, fate, wake, tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ƙwarai ba, gwanda, kankana, mangwaro, lemon zaƙi da ake ci da tsokarsa, da dabino, duk suna kusa kuma ba su kai nama tsada ba. Ni a ganina miyar kuka ko ta kuɓewa da dare, da gwanda da safe, sun fi duk wani garin faiba na kanti sauƙin ɗorewa. Ta uku maganin tausasawa da likita ya rubuta, yawanci laktulos, ko garin Fybogel da ake damawa a kofin ruwa cike.

Hattara: laktulos yakan yi kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fara aiki, saboda haka kada ka ninka awon a ranar farko don ba ka ga komai ba. Gudawa ma tana ƙona mikin kamar yadda tauri ke yaga shi. Idan cikin ya sake da yawa, ka rage awon kaɗan, kada ka yanke shi gaba ɗaya. Haka kuma wake da ganye ana ƙara su ne sannu a hankali, in ba haka ba kumburin ciki da iska za su dame ka. Wanda likita ya taƙaita wa shan ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, maganar likitansa zai bi.

Ka rage barkono da attaruhu da yajin tsire da kilishi na tsawon makonnin nan, domin yadda suka shiga da zafi haka suke fita. Farin burodi da taliyar leda da farar shinkafa ba tare da ganye ba suna ƙulle ciki. Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne mutum ya ji sauƙi a mako na biyu, ya ajiye laktulos, ya koma kan tsire. Fatar da ta rufe wurin a lokacin ba ta fi ɓawon albasa ƙwari ba. Ka ci gaba da maganin har likita ya ce a janye, sannan a janye shi kaɗan-kaɗan.

Hattara: masu sayar da maganin basir a bakin kasuwa da tasha za su yi ta tallata maka nasu. Da yawa daga cikin irin waɗannan jiƙe-jiƙe wankin ciki ne mai ƙarfi da ke sa gudawa, wasu kuma cusawa ake yi. Kada ka sha, kada ka cusa, kada ka yi hayaƙi a kan sabon yanka.

3. Yadda za ka shiga masai

Da zarar ka ji bayan gida ya taso ka tafi, kada ka riƙe shi don tsoro. Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, shi ya sa kofin koko ko kunu mai ɗumi da safe yake taimakawa wajen kafa lokaci guda a kullum. Masai na tsuguno ba shi da laifi, tsugunon ma yana miƙe hanya, sai dai kada a daɗe. Idan na zama ne, ka ɗora ƙafafunka a kan 'yar kujera ta yadda gwiwoyi za su ɗara ƙugu, ka ɗan sunkuya gaba. Ka saki ciki, ka riƙa fitar da numfashi ta baki a hankali kamar mai hura kunu, kada ka toshe numfashi ka yi yunƙuri. Idan minti biyar ya wuce ba abin da ya fito, ka tashi ka yi 'yar tafiya, ka dawo idan ya sake tasowa. Waya ba ta da wuri a banɗakin mai wannan jinya.

Idan likita ya ba ka man kashe zafi na lidoken, ka shafa ɗan kaɗan a bakin wurin kamar minti goma kafin ka shiga.

4. Tsarki da zaman ruwan ɗumi

Al'adarmu ta tsarki da ruwa alheri ce a nan, domin takardar goge-goge tana kurje miki. Ka surka ruwan butar ya yi ɗumi, ka kwarara shi a wurin, ka taɓa da tafin yatsu a hankali ba tare da cuɗawa ba. Kada ka zura yatsa ciki da sunan tsaftacewa, kada ka sa sabulu mai ƙamshi. Mace ta wanke daga gaba zuwa baya.

Daga nan sai baho. Ka zuba ruwan sanyi tukuna, sannan ka tsiyayo na filas a kai har ya yi ɗumin da za a yi wa jariri wanka da shi, ka gwada da gwiwar hannu. Zurfinsa ya kai inda zai rufe mazaunai. Ka ajiye bahon a ƙasa kusa da bango ko wani abin dafawa, ka zauna a ciki sosai, ba tsugunawa a samansa ba, ka jingina, ka saki kafaɗu. Bayan minti biyu ko uku za ka ji ɗaurewar nan ta ciki ta fara kwancewa, kuma wannan shi ne amfanin zaman, domin yawancin raɗaɗin bayan bahaya tsokar ce ke murɗewa. Ka yi minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a yini, da kuma bayan kowane zagayawa. Idan ka tashi, ka tashi a hankali don gudun jiri, ka daddanna tawul a wurin har ya bushe, ka sa sabon bandeji tsakanin mazaunai. Ka wanke bahon ka kife shi a rana.

Hattara: kada ka zuba Dettol ko Izal ko kanwa ko alif a ruwan, suna cin sabon naman da ke tsirowa. Ruwa zalla ya wadatar, idan kuma likitanka ya ce a sa gishiri, ɗan kaɗan yake nufi. Ruwan zafi mai tururi irin na wankan jego ba shi ake nufi ba, kuma mai jegon da aka yi wa wannan aiki ta gaya wa masu kula da ita haka ƙarara, ta kuma jinkirta zaman bagaruwa har sai likita ya duba wurin. Mai ciwon suga ya sa wani ya gwada masa ruwan, domin fatarsa za ta iya ƙonewa bai ji ba.

Idan danshi ya sa fatar gefen ta yi ja tana ƙaiƙayi, ka shafa Vaseline ko man zinki a fatar kawai, ba cikin yankan ba. Kada ka sosa.

5. Maganin ciwo

Farasitamol shi ne na farko. Babba mai cikakken nauyi yakan sha ƙwaya biyu masu miligiram 500 kowane awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. A kwanakin farko gara a sha shi a kan lokaci da a jira ciwo ya turnuƙe, daga baya kuma ya isa a sha kamar rabin awa kafin lokacin da ka saba zagayawa. Ka karanta jikin magungunan mura da na ciwon jiki, da yawansu akwai farasitamol a ciki, kada ka tara su hanta ta wahala. Idan likita ya ƙara maka ibufurofen ko daikulofenak, ɗaya ake sha ba duka biyun ba, kuma bayan an ci abinci.

Hattara: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini, kada su sha ibufurofen ko daikulofenak sai da izinin likita. Tiramadol da kodin kuwa suna kashe ciwon yau su ƙulle cikin gobe, ban da haɗarin sabo da su. Idan an sallame ka da su, ka yi ƙoƙarin rabuwa da su cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar ƙarin jini ma tana taurara bayan gida, amma kada ka daina ta da kanka, ka dai sanar da likita kana shanta.

Wani lokaci likita yakan rubuta man sassauta tsoka, GTN ko diltiyazem, idan tsagar ta yi jinkirin haɗewa. GTN yana sa ciwon kai ga mutane da yawa, kuma ba a haɗa shi da maganin ƙarfin maza irin su Viagra da danginta, domin awon jini zai iya sauka ƙasa warwas.

6. Zama, tafiya, aiki da ibada

Kwanciya yini guda cur tana rage motsin hanji. Tun daga washegarin aiki ka riƙa zagaya tsakar gida, kana ƙara nisa kullum. Zama ne ya fi takura wurin, saboda haka ka sa matashi shimfiɗaɗɗe, ka riƙa miƙewa kowane rabin awa, idan kana hutawa ka kwanta a gefe guda da filo tsakanin gwiwoyi. Matashin nan mai rami a tsakiya yana da kyau a ido, amma yana buɗe mazaunai ya ja bakin mikin, shi ya sa likitocin fiɗa da dama ba sa son sa.

Mai aikin ofis ko shago yakan koma bakin aiki cikin mako ɗaya zuwa biyu. Mai dako, manomi, direban doguwar hanya da ɗan acaɓa suna bukatar fiye da haka, kuma su tambayi likita ranar komawa. Babur da keke su ne na ƙarshe da za ka koma wa. Ko adaidaita sahu a hanya mai gargada yana iya tayar da raɗaɗin yini guda, idan tafiyar ta zama dole ka ɗauki matashinka ba tare da jin kunya ba. Kusantar iyali babu laifi idan jiki ya karɓa.

A salla, idan zaman tahiya ko sunkuyo ya gagara, addini ya yi rangwame ga mara lafiya ya yi yadda zai iya. Azumin nafila gara a ɗage shi, domin yini babu ruwa yana busar da ciki. Idan jinyar ta faɗo cikin watan Ramadan, ka yi magana da likita da kuma malami kafin ka yanke hukunci.

Akwai abin da mutane ke ɓoyewa, wato kuɓucewar iska ba da niyya ba, ko ɗan ɗigon da ke ɓata wando. Tunda an sassauta tsokar, wannan yana faruwa ga wasu, kuma ga mafi yawansu yana wucewa cikin makonni ko 'yan watanni. Bandeji a wando da rage lemon kwalba suna taimakawa. Game da alwala, fiƙihu yana da hukuncin mai lalurar da ba ta yankewa, ka tambayi malami maimakon ka zauna cikin waswasi. Ka gaya wa likita a ranar komawa, musamman macen da ta taɓa samun ƙari wajen haihuwa.

7. Alamomin da ba a kwana da su

Ka koma asibiti a ranar idan ka ga zazzaɓi ya kai digiri 38 ko kana rawar sanyi, ko kumburi mai tauri da zafi ya fito kusa da yankan, ko mugunya mai wari tana fita, domin waɗannan alamun ƙurji ne da ke tara ruwa a ciki, kuma ruwan ɗumi ba ya fasa shi. Haka nan jinin da ke zuba yana jiƙa bandeji ɗaya bayan ɗaya ko yana fita guda-guda, da kasa yin fitsari alhali mara ta cika, wanda yakan faru a ranar farko ko ta biyu, da kwana uku babu bayan gida duk da magani, da kuɓucewar bayan gida kansa. Idan jini ne, ka danna bandeji a wurin ka kama hanya.

8. Idan an wuce mako takwas ciwon bai tafi ba

Kada ka ƙi komawa ganin likita don ka ji sauƙi, kada kuma kunya ta hana ka don ba ka ji ba. Ciwon da ya zarce wata biyu yana da dalilai da ake iya ganowa. Wataƙila tsagar ba ta gama haɗewa ba, ko ta sake buɗewa, ko wata 'yar hanyar mugunya ta ɓulla daga yankan zuwa fata, ko tabon ne ya yi tauri. Akwai kuma wanda mikinsa ya warke sarai, amma tsokokin ƙasan ƙugu sun saba da ɗaurewa tun watannin da ya yi yana tsoron masai, sai ya riƙa jin nauyi da tsami a ciki idan ya zauna. Irin wannan ba sabuwar tiyata yake bukata ba, horon sakin tsoka yake bukata, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen gashi da motsa jiki da likita zai iya tura ka. Kafin nan, ka kwanta rigingine sau biyu a rana, ka ɗora hannu a cibiya, ka ja numfashi ta hanci har cikin ya taso, ka sake shi a hankali kana sakin dubura kamar za ka fitar da iska, na tsawon minti biyar. Kada ka fara atisayen matse tsoka sai an umarce ka, domin ga mai ɗaurewa ƙara ciwo yake yi.

Sigari da sugan da ba a daidaita ba suna jinkirta warkewar kowane miki. Idan tsagar ta ƙi ji duk da komai, likita zai iya neman gwajin jini ko ya leƙa hanji da na'ura, saboda wasu cututtuka irin su kumburin hanji mai naci, tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki suna iya ɓuya a bayan tsagar da ba ta warkewa. Ranar da za ka je, ka tafi da katinka, da takardar sallama, da kwalaye da kwalaben duk abin da ka sha ko ka shafa har da na gargajiya, da ɗan littafin nan da kake rubuta lambobi a ciki. Ka sa sutura mai sauƙin cirewa, idan kuma kana son ma'aikacin jinya jinsinka ya tsaya a ɗakin lokacin dubawa, ka faɗa tun kafin a fara.